Wasiƙa Zuwa Fatakwal: Kafin Ka Rabu da Hondar Nan

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da uwargida da yara. Yaya aiki, yaya kuma fama da ruwan Fatakwal? Mu nan Kano sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce Accord ɗin nan taka ta 2004 mai silinda huɗu ta tafasa a cikin cunkoso, tana shan baƙin mai, gabanta yana ƙara idan ka faɗa rami. Bakanike ya ce a sauke injin a ɗora na Beljiyam, dillali kuma yana cewa ka kawo ta ka yi ciko ya ba ka wata. Ra'ayina shi ne kada ka sayar, kada kuma ka biya kuɗin inji, sai an duba abu uku: ƙashin motar, giya, da injin. Kuɗin wannan binciken bai kai na taya ɗaya ba, kuma shi zai raba gardama.

Fara da ƙasan motar, don shi ne abin da idan ya lalace ba ya dawowa daidai. A kai ta kan rami, ka sauka da kanka da tocila. Garinku gari ne na laima da ambaliya, tsatsar da ba ma gani a nan ita ke cinye motoci a can. Ka duba ƙarfen da injin da ƙafafun gaba suke zaune a kai, da gefen ƙasa da ke ƙarƙashin ƙofofi, da inda shokozoba ke ɗaure a sama. Ka ɗaga kafet ɗin wajen ƙafar direba ka taɓa, ka cire safaya taya ka leƙa ramin but. Tsatsar da ta tsaya a fuska ba komai ba ce, a kankare a shafa fenti. Amma idan ka danna da sukundireba ƙarfe ya burma, ko ka ga tsohuwar walda a ƙafafun shasi na gaba, ko taya tana cinyewa gefe ɗaya duk da an yi alaimen, to kada ka ƙara zuba mata kuɗi. Haka nan idan ruwa ya taɓa shiga har ya kai ga birenbos, wato kwamfutar motar, da wayoyi, ko rewaya ya yayyanka su ya naɗe da salatif ko'ina. Irin wannan motar yau fitila, gobe fanka, jibi ta ƙi tashi, kuma ba a gama gyaranta.

Sai giya. Honda tana da nata tsarin awo: a yi tafiya motar ta ɗau zafi, a tsaya a wuri mai daidai, a kashe ta, a zaro gejin man giya cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Ka goga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu lafiya ne. Baƙi mai ƙauri alama ce faifan kulocin ciki sun fara ƙonewa. Ka taka birki ka sa D, ya kamata ta kama nan take ba tare da jinkiri ko bugu ba. A kan hanya ka saurari canji daga ta biyu zuwa ta uku: idan injin ya yi kuka sama kafin giyar ta kama, tana zamewa. Idan harafin D yana ƙyaftawa a dashbod, a jona ta a kwamfuta a karanta abin da ta ajiye. Ka yi sa'a taka mai silinda huɗu ce, domin masu silinda shida na 2003 da 2004 ne aka fi sani da ciwon giya, har kamfanin ya kira su gyara a Amurka a 2004. Idan man ya yi duhu kawai amma giyar tana canzawa daidai, a kwance noti a zubar, kusan lita 3 ke fita, a mayar da man giya na Honda mai suna DW-1, a yi 'yar tafiya, a maimaita har sau uku. Kada ka yarda a wanke ta da inji mai hura mai da ƙarfi, kada kuma a zuba mata kowane jan mai don ya fi araha.

Injin ne nake so ka ba shi lokaci, don a nan ake yawan yanke hukunci da ka. Tafasa ba ta nufin inji ya mutu. Da sassafe, motar tana sanyi ƙalau, buɗe marfin lagireto, a cika ruwa, a tayar da ita. Idan kumfa tana tasowa ba tsayawa, ko kuma bayan an mayar da marfin mesar sama ta lagireto ta yi tauri cikin minti ɗaya kafin injin ya ɗau zafi, iskar silinda ce ke shiga ruwa, wato gasket ya ƙone. Buɗe marfin baƙin mai ka duba bayansa da gejin: idan ka ga abu mai kalar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan mota ta yi zafi shi ma shaida ne. Kada dai a buɗe marfin lagireto tana da zafi, mutane da yawa sun ƙone a haka.

Daga nan a auna kwamfireshan. A bar injin ya yi zafi, a cire fulogi huɗun duka, a cire fiyus ɗin famfon fetur, a taka totur ƙasa, a yi ta kik har allurar ma'aunin ta daina hawa, a rubuta na kowace silinda. A wannan injin naka, wanda ake kira K24, abin da Honda ta ƙayyade shi ne kada silinda ta gaza 135 a ma'aunin psi, kada kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 28. Idan biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya fashe a tsakaninsu. Idan ɗaya ce ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ta hau sosai, ringi ne suka ci. In ba ta motsa ba, matsalar tana sama, a bawul ko gasket. Bakaniken da ba shi da wannan ma'aunin, ko ya ce shi da kunne yake ganewa, ka gode masa ka nemi wani.

Idan gasket ne kawai, ba a sayen inji saboda shi. A sauke top silinda, a kai wa masu share fuska su ɗora ma'auni, domin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi. Lanƙwasar da ba ta kai 0.05 na milimita ba ba ta buƙatar komai, kuma ba a share fiye da 0.2. A sa su gwada ko ya tsage. Wajen mayarwa a yi amfani da sifana mai awo, a ɗaure notunan daga tsakiya zuwa waje bisa jerin da littafin motar ya nuna. Gasket da yawa suna sake ƙonewa bayan wata biyu ne saboda an ɗaure da ƙarfin hannu da bututun ƙarfe, ko an sa mai araha an shafe shi da gam.

Kuma dole a gano abin da ya jawo tafasar tun farko, in ba haka ba sabon injin ma zai bi sahun tsohon. Ka tambaya ko an taɓa cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye da makulli. Wannan al'adar ta garejinmu ba magani ba ce, ɓoye ciwo take yi, sannan injin ya riƙa aiki a sanyaye yana shan fetur. A mayar da tamostat, a gwada marfin lagireto, wanda ya kamata ya riƙe matsin 1.1 a ma'aunin bar, a duba robar saman lagireton ko ta tsage, a tabbata fanka biyun suna tashi, a duba famfon ruwa ko yana ɗiga. Ruwan rijiya ko na leda shi ke toshe lagireto da tsatsa. A wanke a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, kimanin lita 5 yake ci idan an zubar.

Shan baƙin mai kuwa a auna shi. Cika zuwa layin sama, rubuta kilomita, yi tafiyar kilomita 1,000, sake dubawa da safe a wuri ɗaya. Tsakanin layi biyun gejin kusan lita ɗaya ne. In bai kai rabin lita ba, a ganina mota mai shekara sama da 20 ana zama da ita a haka, kana ƙarawa. Sau da yawa ma ba ƙonewa yake ba, zuba yake yi ta robar marfin saman inji, ko ta 'yar robar bawul ɗin VTEC, ko ta sil ɗin gaba, kuma duka ƙananan gyara ne. Shuɗin hayaƙi da safe kaɗai robobin bawul ne. Shuɗin hayaƙi duk lokacin da ka taka totur, tare da shan lita guda ko fiye, ringi ne. A juye kuma, lita 4.2 take ci da filta. Abin da ke rubuce a marfin 'yan Amurka 5W-20 ne, 5W-30 ma yana yi, amma 20W-50 ya yi wa ƙananan hanyoyin man wannan injin kauri. Taimin injin na sarƙa ne, ba na bel ba, kuma jinkirin juye ne ke sa sarƙar ta saki ta riƙa ƙara da safe.

Yaushe bakanikenka ke da gaskiya? Idan kwamfireshan ya faɗi a silinda uku ko huɗu, ko ana jin bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ko fitilar mai tana kamawa idan mota ta yi zafi tana tsaye, ko top ya tsage. A nan na fi son injin Beljiyam a kan a yi ringi da metal, don ingancin kayan da ke kasuwa da tsaftar wurin haɗawa ba su da tabbas. Ka je da kanka ko ka tura wanda ka amince da shi. A leƙa ta ramin marfin mai a ga ko akwai baƙin daskararren datti, a cire fulogi a duba, a juya kuransha da sifana a ji yana tafiya sumul. Na 2003 zuwa 2005 ake nema, domin na 2006 da 2007 toturinsu na lantarki ne, sai an yi ta canje-canje. A rubuta kwanakin garanti da lambar inji a rasit. Kafin a ɗora, a sa sababbin sil na gaba da baya da famfon ruwa, lokacin da hannu ke kaiwa cikin sauƙi.

Ƙarar gaban nan ita ce ba na so ka kwana da ita. Ka san yadda Honda ke cire ƙafa. A wannan samfurin nauyin gaba yana kan bol-joyin na ƙasa. Da zarar robarsa ta yage, giris ya fita, ruwa da yashi su shiga, sai ya fara kuka, sitiyari ya yi nauyi, wata rana a kan kwana taya ta kwanta. A ɗaga motar a duba robar, a sa ƙarfe a ɗaga a ga ko yana wasa. A canza biyun tare, da masu kyau, a duba bushin na hannun ƙasa da tayarod, sannan a yi alaimen. Ko da sayarwa za ka yi, gyara wannan tukuna, kuma kada ka kama hanyar gida da iyali kafin a yi.

Yanzu lissafi. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da binciken ya nuna, har da taya, birki da batir idan sun kusa, da kuɗin aiki, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da ake tararwa bayan an buɗe. A ɗaya gefen ka rubuta cikon da dillali ke nema, ka haɗa da la'ada, canjin takardu, inshora, da juyen mai duka da za ka yi wa waccan ranar farko. Kada ka auna gyaran da farashin da ka sayi motar shekarun baya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin Beljiyam ya tashi ƙwarai, saboda da dala ake sayowa, da ita ake lissafin kwastam. Cikon da yawancinmu za mu iya yi ba ya kai mu ga mota mai ƙarancin shekaru, yana kai mu ne ga tsohuwar motar wani wadda ba mu san ciwonta ba. Taka kuwa ka san abin da aka canza mata da wanda ba a canza ba.

Ga inda na tsaya. Ƙashi lafiya, giya lafiya: gyara, ko da inji za a canza. Inji da giya duka sun tafi amma bodi garau: sai ka kwatanta, in gyaran ya haura rabin abin da za a saye ta bayan an gyara, rabu da ita. Shasi ya ruɓe ko wayoyi sun sha ruwa: sayar, kuma ka faɗa wa mai saye aibinta, haƙƙinsa ne.

In har ta kai ga saye, kada ka karɓi mota da yamma ko wadda aka riga aka ɗumama kafin ka iso. A bincika lambar shasi mai harafi da lamba 17 a intanet, don da yawa daga masu shigowa daga Amurka motocin haɗari ne ko na ambaliya da aka yi gwanjonsu. Kada ka dogara da kilomitar da ke dashbod, ana mayar da ita baya. A leƙa salansa a ga ko an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, a kunna makulli a tabbata fitilar inji da ta jakar iska suna kamawa sannan su mutu, a kuma tantance takardun kwastam a ofishinsu kafin kuɗi ya bar hannunka.

Idan an yi awon, turo mini lambobin silinda huɗun, da hoton takardar da ka goga man giya, da hoton ƙasan motar, sai mu yi magana ta waya kafin ka ba kowa kuɗi.

Ka gaida uwargida da yara, da duk 'yan'uwa da ke can. Mutanen gida suna gaishe ka. Allah ya kiyaye hanya, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini