Sanarwa kan kalmomin darasin duwatsu da ma'adinai

Assalamu alaikum, malamai ƴan uwa. Kafin mu shiga darasin duwatsu a zangon karatu mai zuwa, ana roƙon kowa ya riƙa amfani da kalmomi iri ɗaya, domin ɗalibai suna rikicewa idan aka kira komai da sunan dutse.

Duwatsu kashi uku ne: waɗanda suka samu bayan narkakken dutse ya huce ya daskare, kamar na Kufena a Zariya, waɗanda suka samu daga taruwar yashi, laka ko ragowar halittun ruwa hawa-hawa, kamar farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, sai waɗanda zafi da nauyin ƙasa suka sauya musu kama. Marmara kuwa a ware ta daban, tunda jar ƙasa ce mai ƙarfe wadda ruwa da rana suka ƙeƙasar, kuma ita ce ta lulluɓe saman Dala da Goron Dutse a Kano. Duk wanda ya samu gutsurenta ya kai aji, domin ramukan da ke jikinta sun fi dogon bayani amfani.

A ɓangaren ma'adinai, a bambanta tama da ake narkawa a fitar da ƙarfe, da kuzar Jos, da kanwar yankin Tafkin Chadi. Siffofin ƙasa kuma a tsaya kan tsauni, tudu, jigawa, kwari, fadama da kwazazzabo. Mai ƙarin kalma daga yankinsu ya turo ta nan kafin Juma'a.