Roƙon Tallafi Domin Sake Gina Katangar Makarantarmu ta Islamiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, iyayen yara maza da mata, tsofaffin ɗalibai na gida da na nesa, da duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi, kwamitin makarantar Islamiyya da masallacin unguwarmu a nan cikin garin Gombe yana gaishe ku. Muna neman taimakonku a kan katangar bayan makaranta, wadda ta raba mu da layin sama.

Duk wanda ya san wurin ya san makarantar a gangare take. Lokacin da iyayenmu suka yi aikin gayya suka tayar da katangar, shinge ce kawai, don hana awaki shiga da hana yara fita. Da bulo inci 9 aka yi ta, kuma ta yi aikin da aka gina ta dominsa, Allah ya saka musu da alheri. To amma shekara da shekaru ana zuba jan ƙasa a layin, ruwa kuma yana kwaso yashi daga tudu yana jibgewa a gindinta, har ƙasar da ke bayanta ta kai kusan mita 3. Shingen ya koma katangar tare ƙasa ba tare da an shirya shi don haka ba.

A daminar da ta wuce ta nuna ta gaji. Ta yi ciki a tsakiya, samanta ya rinjayo wajen ajujuwa, tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala kuma yanzu hannun babba yana shiga cikinta. Kwana biyu bayan an ɗauke ruwa za ka ga jan ruwa yana tsattsafowa ta tsagar. Ajujuwa biyun da ke ƙarƙashinta na ƙananan yara ne 'yan haddar Juz'u Amma. Mun rufe su, yaran suna karatu a barandar masallaci. Ba wanda ya manta da ranar 12 ga Yulin 2024, da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Wancan bene ne, tamu katanga ce, amma ba za mu zauna jiran irin wannan rana ba.

Wasu 'yan'uwa, da kyakkyawar niyya, sun ba da shawarar a kira birkila ya rushe ta, a sake ɗora bulo, a cika ramukansa da kankare, a ƙara ginshiƙai. Shi ne mafi araha, kuma cikin mako biyu an gama. Kwamiti bai karɓa ba, kuma tunda kuɗinku muke roƙo, haƙƙinku ne ku ji dalili.

Ƙasa ba tsayawa take yi cik a bayan katanga ba, turi take yi dare da rana. Turin kuma ba ya tafiya daidai da tsayi. In tsayin ƙasar ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi, ƙarfin da ke neman kifar da katangar kuwa ya ninka takwas. Shi ya sa ginin da ya riƙe ƙasa mita ɗaya lafiya lau yake kwantawa in ta kai mita 3, mutane su yi ta mamaki, ga shi kuwa bulo ɗaya ne, magini ɗaya.

Babban abokin gaba shi ne ruwa. Ruwan da ya cika wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne. In ƙasar bayan katanga ta sha ta ƙoshi, ruwan bai sami mafita ba, nauyin da ke kanta yakan haura ninki biyu na lokacin rani. Katangarmu ba ta da ko huda ɗaya, ga indararon gidajen sama duk a layin suke zuba. In kuma akwai laka a cikin ƙasar, tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, ruwan farko ya bi ta darewar ya sauka har gindi. Kauri kaɗai ba ya maganin wannan. Yawancin irin waɗannan katangu da damina suke faɗuwa, bayan ruwan kwana da kwanaki. Wata ta kife, wata ta zame gaba ɗaya daga mazauninta, wata harsashinta ya nutse. Sai kuma nauyin da ake ƙara mata daga sama, kamar tifar yashi da ke kwana dab da ita.

Saboda haka muka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi a Najeriya, wanda zai sa hannu da hatimi a kan zanensa. Ya zo ya duba, ya ce kafin ya ja layi ko ɗaya sai an haƙa ramukan gwaji an kai ƙasar an auna, don a san nauyin da za ta iya ɗauka da zurfin da harsashi zai kai. Abin da ya kwatanta mana katangar kankare ce da rodi, mai faffaɗan gindi wanda faɗinsa ya kai rabin tsayinta ko fiye. Yawancin gindin yana shiga ƙarƙashin ƙasar da ake tarewa, sai ƙasar ta danne shi, kamar mai tura ka amma ya taka maka ƙafa. Manyan rodin a gefen da ke fuskantar ƙasa ake jera su, domin nan ne kankare yake neman tsagewa. In aka sa su a ɗaya gefen, an sayi rodi amma an yi asara. A bayanta za a zuba tsakuwa, a shimfiɗa bututu mai huji-huji a gindi, a bar ƙananan kafofi a jikin katangar, a yi lambatu a sama ya kwashe ruwan layi zuwa kwalbati. Ciko kuma kaɗan-kaɗan ake yi ana dannewa, bayan kankaren ya yi ƙwari, wanda ke ɗaukar kwana 28.

Mun san galibin wannan kashe kuɗi ido ba zai gan shi ba. Gwajin ƙasa, zane, rodi, tsakuwa da bututu duk binnewa za a yi, ba kamar fenti ko hasumiya da kowa zai nuna ba. Amma su ne katangar. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Mutanen Gombe kuwa ba sai an ba su labarin ɓarnar ruwa ba, kwarurrukan da suka ci gidaje a cikin garin nan sun isa shaida.

Dole a yi aikin cikin ranin nan, domin ba a haƙa gindin gangare da damina. Abin da muke buƙata da farko shi ne kuɗin gwaji da na zane, don sai da su za a san adadin kayan. Da zarar injiniya ya kawo lissafi, za mu manna shi a ƙofar masallaci, da buhu da tifa da sandar rodi, saboda farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya. Mai iya buhu ɗaya ya kawo, mai iya tifar tsakuwa ya kawo. Iyayenmu mata masu adashe, matasa masu ƙarfin haƙa da ɗiban ruwan ban kankare, duk akwai gurbinku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, muna fatan wannan aiki ya haɗa muku biyun.

Maƙwabtanmu na layin sama, muna roƙonku abu biyu da ba na kuɗi ba: a daina ajiye manyan motoci a bakin katangar, a kuma hana yara wasa a gindinta.

Ma'ajin kwamiti yana zama a ofishin makaranta kullum bayan La'asar, ban da Alhamis da Juma'a. Kada a ba kowa ko sisi ba tare da karɓar rasit ba. Na nesa su aiko ta hannun ɗan'uwan da suka amince da shi. Duk Juma'ar ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan an idar da salla, kuma wanda yake son ganin zanen ko littafin kuɗi ya zo a buɗe masa. Allah ya sa a mizani, ya tsare mana yaranmu.

Wassalamu alaikum,
Kwamitin Makaranta da Masallaci