Godiya ga Ofishin Injiniyoyin da Suka Ceto Mana Sabarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina rubuta wannan wasiƙa ne domin in yi godiya a bainar jama'a ga wani ƙaramin ofishin injiniyoyin kwamfuta da ke nan Kano, musamman babban injiniyansu da yaron da ke taya shi aiki. Ni mai cibiyar koyar da kwamfuta ne. Ɗalibanmu suna gwajin jarabawa a kan wata babbar kwamfuta, saba, da muka saya ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Linux ce manhajar da ke tafiyar da ita.

Wata biyu wannan saba ta hana mu barci. Ana tsakiyar gwaji sai ta daskare, yara sama da talatin su zuba wa allo ido, janareta kuwa na ta shan mai. Wurare biyu na kai ta, duk amsa ɗaya: "Alhaji, ka sayi sabuwa." Da wane kuɗi?

Da Injiniya ya zo, bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya ce sai mun ji daga bakin injin abin da ke kashe shi, don haka ya ɗauko wata dabara. Linux tana da wata dabara mai suna kexec, wadda ta shiga cikinta tun 2005, da ke ba kanel, wato zuciyar manhajar, damar tayar da wani kanel kai tsaye ba tare da an koma ta kan famwaya ba, wato manhajar da kamfani ya dasa a cikin ƙarfen injin. A kan wannan aka gina kdump: ana ware wani yanki na ma'adanar ƙwaƙwalwa, a ajiye kanel na biyu a ciki yana jira, idan na farko ya faɗi sai ya miƙe ya kwashe bayanan abin da ya faru. To a tamu sabar, na biyun ne ya ƙi tashi.

Nan na ga aiki. Farko Injiniya ya gano cewa tsaron Secure Boot a kunne yake, shi kuma ba ya yarda a ɗora kanel ta tsohuwar hanya, sai ta sabuwar da aka ƙara a 2014, mai duba sa hannun kanel kafin ta karɓe shi. Aka gyara wannan. Muka gwada, allo ya yi baƙi, fankokin injin na ta ruri, shiru. Ni har na fara cire rai.

Shi kuwa ya jawo kujera, ya ɗauki takarda ya zana mini. Ya ce idan ka kunna kwamfuta daga farko, famwaya ce ke zagayawa ta tashi kowace na'ura daga barci, ta saita ta, sannan ta miƙa wa kanel mukullai. Amma kanel na biyu gida yake tararwa yadda mai gidan ya faɗi ya bar shi: tukunya a kan wuta, famfo a buɗe. Katin da ke kula da faya-fayan ajiya yana tsaka da rubutu, babu wanda ya ce masa ya tsaya. Har ya ƙara mini da cewa akwai wani kira da ake yi wa UEFI, wato famwayar injin, don tsara adireshin ƙwaƙwalwa wanda sau ɗaya tak take amsawa a kowace kunnawa, shi ya sa dole na biyu ya gaji tsarin na farko. Shekarata goma ina koyar da kwamfuta, ban taɓa jin wanda ya fayyace mini wannan haka ba.

Matsalarmu a katin faya-fayan take. Famwayarsa tsohuwa ce, ba ta komawa daidai idan sabon kanel ya umarce ta ta fara daga farko. Sabunta ta aiki ne mai haɗari, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, katin ya lalace ke nan. Sai da yaronsa ya kwafe duk bayananmu a wani faifai daban, ya duba batiran inbata, ya tsaya a bakin janareta da kansa har aka gama. Suka ƙara girman yankin da aka ware wa kanel na biyu, suka daskarar da injin da gangan don gwaji. Kanel na biyu ya tashi.

Kwana huɗu bayan nan sabar ta sake faɗuwa, amma wannan karon ta bar shaida. Direban katin sadarwa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, shi ne ke kayar da ita. Suka sabunta shi, kuma tun daga ranar ba ta sake yi ba.

Sau uku suka zo, kuɗin zuwa ɗaya suka karɓa. Na matsa, Injiniya ya ce a sayi mai da sauran. Ya kuma bar mini takarda da rubutun hannunsa, duk abin da suka canza yana ciki, ya ce ko wani ne ya zo bayansu kada ya sha wahala.

Injiniya, Allah Ya saka maka da alheri, kai da yaronka. Allah Ya buɗa muku kasuwa, Ya yi wa iyalanku albarka.

Naku,
Mai cibiyar koyar da kwamfuta, Kano