A gyara aji kafin a sauke kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ake ta kai na'urori makarantunmu, kuma abin a yaba ne. Damuwata ita ce ana sauke kayan a ɗakin da ba a shirya ba, kafin shekara ta zagayo rabinsu sun mutu.

Wuta ce farkon lissafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin kamar wat 50, ta kan tebur kuwa ninkin wannan uku, don haka makarantar da ke dogaro da sola ta zaɓi ta farkon. Guda 20 na awa 5, haɗe da majigi da fanka huɗu, suna buƙatar fanel shida masu wat 400. In batir mai ruwa aka saya, kada a bari ya sauka ƙasa da rabin cajinsa, kuma a riƙa duba ruwansa duk wata. Rashin yin haka ke kashe shi da wuri, sai a ɗora wa ɗan kwangila laifi.

Majigi ya fi komai shan wahala. A sayi mai hasken lumen 3,000 zuwa sama, a rataye shi a silin, a sa labule a tagogin gaba kawai domin na baya su ga abin da suke rubutawa. Tsayin hoton ya kai kashi ɗaya cikin shida na nisan ɗalibin ƙarshe: ajin da ya kai mita 9 yana son hoto mai tsayin mita ɗaya da rabi. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iskarsa, ya yi zafi ya riƙa kashe kansa tsakiyar darasi. A kaɗe ta duk mako, a wanke fanel ɗin ma. Bayan an kashe majigin a bar fankarsa ta tsaya da kanta kafin a zare waya, in ba haka ba ƙwan zai ƙone, kuma ƙwan yana da tsada.

A jera tebura jikin bango, fuskar kwamfutocin na kallon tsakiyar ɗaki, yadda malami zai ga aikin kowa daga inda yake tsaye. Ɗalibai biyu kan na'ura ɗaya ya isa. Da sun kai huɗu, ɗaya ne ke dannawa. Rashin intanet bai hana komai ba, domin manhajar koyar da darussa ta Kolibri kyauta ce, tana aiki ba tare da shi ba.

Ina roƙon hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, su ware kuɗin gyara da na horar da malamai cikin kowace kwangila, su kuma umurci shugabannin makarantu su sa ɗakin a jadawalin darussa, kowane aji ya shiga aƙalla sau biyu a mako, maimakon a kulle shi sai ranar da baƙi za su zo.

Wassalam.

Wani malamin kwamfuta,
Kano