Jirgin fiton Yeji: a tsara kwana da abincin dare kafin a kama hanya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili don masu shirin bin hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga da motarsu, musamman baƙi masu zuwa ziyarar dangi a zangunan Ghana. A taswira hanyar ta fi ta Kintampo ban sha'awa, ga tarihin fatauci na goro a Salaga. Sai dai tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya raba Yeji da Makango, kuma daga nan ba agogonka ne ke mulkin tafiyar ba, jirgin fito ne.

Jirgin ba ya kai-komo kamar motar haya. Wanda ya bar Kumasi da hantsi, ya tsaya Mampong, ya tsaya Ejura sayen doya, ya sake tsayawa Atebubu, to ya sa a ransa zai iya kwana a Yeji. A tashi bayan asuba, a kuma tambayi direbobin tasha lokacin tashin jirgi na wannan makon, ba na bara ba. Da isa a sa mota a layi tukuna, sannan a je yankar tikiti. Kuɗin mota dabam, na fasinja dabam, kuma a riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu, don sabis na waya kan yi gardama a bakin ruwa.

Wurin shiga ne ake yawan asara. Ƙofar jirgin ita ce gadar da ake takawa, kuma idan ruwa ya ja baya gangaren yakan yi tsini. Ƙaramar mota mai kaya a but, in aka shiga da ita kai tsaye, salansa ko bamba ce za ta biya. A sauke fasinjoji su shiga da ƙafa, a sa giya ta ɗaya, a hau a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya. Direba ya sauke gilashi ya kwance bel, idonsa a kan hannun mai jera motoci kaɗai, ba 'yan kallo goma masu ihu ba. In an sa babbar mota gabanka kada ka yi fushi, nauyi ake rabawa don kada jirgin ya karkata. Kuma kada ka tsaya daf da bayanta tana hawa. Birkinta na iya saki.

Bayan an tsaya: birkin hannu, a bar ta a giya, a kashe inji, a sa weji a taya. A kashe fitila da rediyo da ƙararrawar ɓarayi, saboda girgiza na tayar da ita, kuma motar da batirinta ya mutu a baki ta toshe kowa. A ɗaure kan tukunyar gas. Ba sigari kusa da jarkar fetur. A fito daga motar, a gano inda rigunan ruwa suke. In taya ta taɓa ruwa wajen fita, a riƙa latsa birki a hankali har ya bushe.

Wanda jirgi ya tsere masa, don Allah kada ya tura iyali a kwale-kwale mai inji da yamma. Kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, iskar farkon damina kan taso ba sallama, hazon hunturu kuma na ɓoye gaɓa.

Sai maganar ciki. Ƙananan masaukai da yawa ba sa ajiye dafaffen abinci. Sai an yi oda ake ɗora tukunya, wani lokacin ma sai an aika kasuwa. Saboda haka tun kana layin jirgi ka kira, ka faɗi yawan mutane da abin da za a ci. Takardar jerin abinci ado ce. Tambayar ita ce, me ke akwai yau? A bakin tafki kifi ne gaskiya: gasasshiyar karfasa da banku (tuwon ƙullun masara mai tsami) da barkono. A nemi ganin kifin ɗanye, ido garau, tsoka in an danna ta dawo. Daga Salaga zuwa Tamale kuwa tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ko zabo, ba sa ba da kunya. Soyayyiyar shinkafar da aka dafa tun rana aka ɗumama ita ce ke hana direba tashi da safe. Shito, yajin nan baƙi, da kifi da jatan lande ake yin sa, wanda jikinsa ba ya karɓar su ya kiyaye. A otal ɗin da ke da mashaya a tambayi irin naman da wanda ya yanka, a kuma tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, don a manyan otal-otal sai a ƙarshe yake bayyana a takarda.

In an sauka Makango da magariba, a kwana Salaga. Tamale da safe.

Naku,
Mai karatu daga Kumasi