Wasiƙa zuwa ga Yaya a Tawa, a kan maganar Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gajiya, ya gida, ya yara, ya zafi? Ni lafiya lau nake a Liyon, sai sanyi da kewarku.

Tun da muka yi waya ran Juma'a ban yi barcin kirki ba. Kin ce tun ranar sunan da Inna ta kira mijinki da sunan marigayi Baba, mata suka yi ta dariya, kun daina fito da ita cikin mutane, abinci ma ɗaki ake kai mata. Na san rufin asiri kuka nufa. Amma don Allah, Yaya, ku buɗe mata ƙofa.

Shekara huɗu ke nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi, irin wanda ake kira EHPAD a nan Faransa, kuma da yawa cikin waɗanda nake yi wa wanka gigin tsufa ke damunsu. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba sammu ba ne, ba iskoki ba. Nau'in da ya fi yawa wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana shi tun 1906, kuma har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Amma na ga abin da kaɗaici ke yi musu: mutum ya bar magana, ya bar ci, ya yini barci, ya kwana yawo.

Akwai wata tsohuwa, tela ce a da. Kullum in je in ce, "Za ki fito cikin mutane?" ta ce a'a. Wata rana na matsa mata, na kai ta babban zaure ana kiɗa, ga shi la'asar ta yi, lokacin da masu wannan ciwo suka fi rikicewa. Ta fashe da kuka, ta riƙe rigata tana rawar jiki. Har yanzu abin yana ci min rai. Bayan kwana biyu na zo mata da hantsi da kwandon tawul, na ce, "Aiki ya yi min yawa, ki taimake ni." Ta dube ni, ta tashi. Muka zauna da wasu mata uku kawai, tana ninkewa tana gyara nawa, wai baki bai daidaita ba. Ran nan ta cinye abincinta.

Wani dattijo kuma ɗan Aljeriya, Faransancin ya gudu masa, sai Larabcin ƙuruciya. Bai san sunan ɗiyarsa ba, amma in na ja Fatiha, shi ke ƙarasawa.

Inna ma hannunta bai manta ba. Ku shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da safe, ku miƙa mata faifai da wake ta tsince, ko ta dama fura. In ta ɓata aikin, a gyara a ɓoye. Ku kira ƙawarta ta maƙwabta su yi hira, mutum biyu ko uku sun isa. In lokacin salla ya yi, ki tsaya gefenta ta bi ki. Biki kuwa a kai ta da wuri kafin a cika, ta sa albarka, a maido ta tun ba ta gaji ba. In ta ƙi, a ƙyale ta, a sake gwadawa an jima.

Abu guda nake roƙo ki hana yara: su bar tambayarta "Kin gane ni?" Kunya suke ba ta. Kowa ya faɗi sunansa in ya shigo. In ta tambayi Baba, kada a sake yi mata rasuwarsa sabuwa, a ce ta ba da labarinsa.

Na aiko kuɗi ta hannun ƙanenmu na Yamai. A kai ta likita a duba kunnenta da idonta, don wani shirun rashin ji ne ke kawo shi. Ran Lahadi da hantsi zan kira, ki sa mata wayar a kunne, zan yi mata waƙar dakan da take yi mana muna ƙanana.

Ki gaida mai gida da yara.

Ƙanwarki