Hasken aurora daga bayan duniya yake zuwa, ba daga rana kai tsaye ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu gyara wani bayani da ya zama ruwan dare a rahotannin kimiyya, musamman tun bayan babbar guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga Mayu 2024. Kusan duk rahoton da ya taɓo hasken aurora, wato hasken nan kore da ja da ke bayyana da dare a samaniyar ƙasashen can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, sai ya ce wai ƙwayoyi ne rana ta harbo suka faɗo kai tsaye cikin iskar duniya. To in haka ne, me ya sa hasken ya fi tsanani wajen tsakar dare, a gefen duniyar da ya ba rana baya? Amsar tana cikin wani yanki da ba a cika ambatonsa ba, shi ne wutsiyar maganaɗisun duniya.

Rana kullum tana fitar da wata iska ta ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, furoton da ilektoron, wadda ake kira filasma. Gudunta yakan kai kimanin kilomita 400 a daƙiƙa. Idan ta iso, sai ta matse maganaɗisun duniya ta ɓangaren rana, ta ja shi ya miƙe ta ɓangaren dare. Masana suna auna wannan yanki da rabin faɗin duniya, kilomita 6,371, suna rubuta shi RE. Ta gaba iyakar maganaɗisun duniya ba ta wuce RE 10 ba a yawancin lokuta. Ta baya kuwa wutsiyar ta zarce inda wata yake, a RE 60, har kumbon ISEE-3 ya same ta a fiye da RE 200 a shekarar 1983. Norman Ness ne ya fara bayyana tsarinta a 1965 da bayanan kumbon IMP-1.

Wutsiyar ɓangare biyu ce, na arewa da na kudu. A na arewa layukan maganaɗisu suna fuskantar duniya, a na kudu suna ba ta baya. Ƙarfinsu bai wuce nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 20 ko makamancin haka ba, alhali a doron ƙasa ana samun 25,000 zuwa 65,000. Amma girman wurin ya sa makamashin da ke taruwa a ciki ba kaɗan ba ne. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wata shimfiɗa ta filasma mai zafi, kuma lantarki yana ratsa ta daga ɓangaren asuba zuwa ɓangaren magariba. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, a cikin wannan shimfiɗar yake faruwa.

Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun. Idan ya karkata arewa, galibi sai ta wuce ta gefe ba tare da wani tasiri mai yawa ba. Idan ya karkata kudu, ya saɓa wa na duniya ke nan a iyakar gaba, sai layukan biyu su tsinke su sake haɗuwa da juna. James Dungey ne ya kawo wannan bayani a 1961. Layukan da suka buɗe, iskar rana tana jansu ta saman ƙuryoyin duniya tana jibge su a wutsiya. Wannan matakin tari yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda. A cikinsa wutsiyar tana ƙara miƙewa, shimfiɗar lantarkin tsakiya kuma tana sirancewa daga kaurin dubban kilomita zuwa abin da wani lokaci bai kai kilomita 1,000 ba.

Daga nan sai ta ɓalle, kamar danƙon harbi da aka ja har ƙarshe aka sake. A wani wuri tsakanin RE 20 da 30, layukan arewa da na kudu suna haɗuwa su tsinke. Wani curin filasma ya yanke ya nufi can ƙarshen wutsiya ya tafi abinsa, ragowar kuma ta runtumo wajen duniya a guje, kashi-kashi, da gudun da ya haura kilomita 400 a daƙiƙa. Layukan da suka miƙe sai su koma siffarsu ta asali mai lanƙwasa. Lantarkin da ke ratsa wutsiyar ya rasa hanyarsa, sai ya bi layukan maganaɗisu ya gangaro ta ɓangaren asuba, ya ratsa saman iskar duniya a tsayin kimanin kilomita 100 yana nufar yamma, sannan ya koma sama ta ɓangaren magariba. Ƙarfinsa yakan kai kusan amfiya miliyan guda. Ilektoron da aka ingiza a wannan da'irar su ne ke dukan iskar oksijin: daga tsayin kilomita 100 zuwa 150 ta ba da kore, sama da kilomita 200 ta ba da ja. Fashewar tana ɗaukar minti 10 zuwa 30, lafawar kuma awa ɗaya zuwa biyu. Wannan duka shi ne ƙaramar guguwar maganaɗisu, wadda Syun-Ichi Akasofu ya tsara matakanta a 1964 daga hotunan samaniya da aka tara a 1957 da 1958. Makamashin daga rana yake, babu musu, amma sai da wutsiya ta adana shi kafin ta sake shi.

Inda masana suka daɗe suna ja-in-ja shi ne: wanne ne ke fara faruwa? Wasu sun ce tsinkewar layuka ce can nesa, sannan tasirinta ya iso kusa. Wasu, irin su Anthony Lui, sun ce rikicewar lantarki ce ke farawa kusa, wajen RE 10, sannan ta bazu baya ta jawo tsinkewar. Kada mai karatu ya ɗauka gardamar banza ce. Tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu ba ta wuce minti biyu ko uku ba, a fili mai faɗin dubban ɗaruruwan kilomita. Kumbo guda ɗaya ba zai iya bambanta abin da ya canza a lokaci da abin da ya zo ya wuce ta kansa ba. Ga shi wutsiyar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana kaɗawa sama da ƙasa, sai kumbon ya tsinci kansa a wajen shimfiɗar daidai lokacin da ake bukatarsa a ciki. Sannan haɗa wani wuri a wutsiya da takamaiman wurin da haskensa zai bayyana a samaniya ya dogara ne da lissafin siffar layuka, kuma lissafin ya fi yin kuskure a daidai lokacin da wutsiyar ta fi miƙewa.

Don warware wannan ne hukumar NASA ta harba taurarin ɗan'adam biyar na THEMIS a 17 ga Fabrairu 2007. An tsara zagayensu ta yadda duk kwana huɗu za su jeru a tsawon wutsiyar, daga wajen RE 10 zuwa RE 30, a saman kyamarori 20 da aka girka a Kanada da Alaska. A ranar 26 ga Fabrairu 2008 suka kama wata guguwa inda alamar tsinkewar ta fara bayyana wajen RE 20, aurora ta haskaka bayan kusan minti ɗaya da rabi, rikicewar lantarki ta kusa kuma ta biyo baya. Vassilis Angelopoulos da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a wannan shekarar. A ganinmu hujja ce mai ƙarfi, amma guguwa ɗaya ba ta isa a yanke wa dubbai hukunci ba, kuma an ƙalubalanci yadda aka karanta lokutan. Aikin Toshi Nishimura na 2010 ya ƙara nuna cewa sau da yawa wani siririn haske yakan taso daga gefen ƙurya ya gangaro kafin fashewar, abin da ke nuna cewa nesa da kusa suna da hannu tare. Taurarin MMS huɗu, da aka harba a Maris 2015, suna auna ilektoron duk bayan milisakan 30, kuma a 11 ga Yuli 2017 sun ratsa ainihin wurin tsinkewar a wutsiya, wajen RE 22. Yadda layukan ke tsinkewa ya fito fili sosai. Abin da ke sa su tsinke a wannan minti ba wancan ba, shi ne har yanzu ake bincike a kai.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa ƙaramar guguwa da babba. Babbar tana ɗaukar kwana ɗaya ko fiye, galibi bayan rana ta yi aman filasma mai yawa, kuma ana ganin tasirinta a duniya baki ɗaya. Ƙaramar kuwa takan faru sau da dama a yini, ko da rana tana zaune lafiya. Ƙanƙantar sunanta ba ta hana ta ɓarna. Tana watsa ilektoron masu zafi a zagayen taurarin sadarwa, a RE 6.6, musamman tsakanin tsakar dare da asuba. Jikin tauraron ya tara lantarki ba daidai ba, wani sashe ya fi wani, sai tartsatsi ya tashi ya rikita na'urorin ciki. Tauraron Galaxy 15 ya daina amsa umarni a 5 ga Afrilu 2010, bai dawo ba sai ƙarshen Disamba, kuma masu bincike sun danganta hakan da wata ƙaramar guguwa mai ƙarfi da ta auku a ranar. A ƙasa kuma, abin da ke cutar da manyan taransifoma shi ne saurin canjin maganaɗisu, domin shi ke haifar da baƙon lantarki a dogayen wayoyi. Haka ta faru a lardin Kwibek na Kanada a 13 ga Maris 1989, inda mutane kimanin miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta.

Saboda haka, Malam Edita, idan za a ba da labarin hasashe, a faɗi iyakarsa. Taurarin da ke gadi a tazarar kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, irin su ACE, su ne ke auna karkatar maganaɗisun iskar rana, kuma gargaɗinsu bai wuce awa guda ba, yakan ragu zuwa minti 15 idan iskar ta zo da gudu. Suna iya cewa wutsiya ta fara tari, amma ba sa iya faɗin mintin da za ta ɓalle. Muna roƙon wakilanka, duk lokacin da suka ji an ce rana ta yi aman wuta, su tambayi masanin da suke hira da shi ko maganaɗisun iskar ya karkata kudu, da ƙarfin nanotesla nawa, kuma tsawon wane lokaci ya yi a haka.

Wassalam,
Wasu masu nazarin kimiyyar sararin samaniya